Ƙafa 60 da suka gagare ni

Ranar Juma'a na mayar wa ma'ajin ƙungiya kayana: hular ƙarfe, garkuwar ƙirji da kariyar ƙwauri. Shekara huɗu na yi ina tsugune a bayan faranti, wato wurin da mai bugu ke tsayawa, ina cafe ƙwallo wa ƙungiyar besbol ta kwalejinmu. Tun ina ɗan shekara tara Baba ya ɗauko mu daga zangon Kumasi zuwa Bronx a birnin New York, a can na koyi wasan a filin unguwa tare da yaran Dominika, kuma hannuna ne ya samo min gurbin karatu.

Jifa mai nisa ba ta taɓa ba ni wahala ba. Daga faranti zuwa tasha ta biyu (cikin tasoshi uku da mai gudu ke bi kafin ya dawo gida, wato faranti, ya ci maki) ƙafa 127 ne da 'yan inci, kuma in mai gudu ya tashi sata, wato ya faki ido ya ruga zuwa wannan tasha, ƙwallona kan riga shi isa. Ƙaramar ce ta kayar da ni: mayar wa mai jifa ƙwallo bayan kowace jifa, ƙafa 60 da inci shida, abin da ɗan firamare zai yi yana tauna gyaɗa.

A shekarata ta biyu abin ya faru. Zagaye na takwas, ana kunnen doki, akwai mutum a tasha ta uku. Na ɗaga hannu na wurga wa mai jifa a hankali yadda na saba, ƙwallon ta bi ta saman kansa ta gangara tsakiyar fili. Mutumin ya shigo gida a guje, aka cinye mu da maki ɗaya. Kuskure ne, ana yinsa. Da an ƙyale ni, da na manta kafin Litinin.

Koci bai ƙyale ni ba. Washegari ya jera 'yan wasa duka a kan layi, ya ce in mayar da ƙwallo sau ɗari, su kuma su riƙa ƙirgawa da ƙarfi, duk wadda ta kauce kowa ya zagaye fili saboda ni. Ta goma sha biyu ta faɗi a ƙasa. Ina ji abokaina na haki suna dawowa layi, babu wanda ya kalle ni. Daga nan yatsuna suka zama kamar na aro. Sai na fara buga ƙwallon a cikin safar hannu kafin in sake ta, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, hannun ya ɗaga ya dawo, ya sake ɗagawa. 'Yan kallon wasu kwalejoji suka gane, suka riƙa taya ni ƙirge.

Amurkawa suna kiran wannan ciwo "yips". Umma ta ce bakin mutane ne, ta aiko min da addu'o'i ta waya kullum da asuba. Baba kuwa cewa ya yi, "Kai, jifa ce fa kawai." Ba laifinsa ba ne, ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan, kuma shi ne yake ƙara ɗaure min hannu. Daga baya na ji labarin Mackey Sasser, mai cafe wa New York Mets, wanda abin ya tsananta masa bayan sun yi karo da wani ɗan wasa, Jim Presley, a bakin faranti a 1990. Shi ma jifarsa zuwa tasha ta biyu lafiya lau, mai jifa ne ya gagare shi. Chuck Knoblauch na Yankees sai da aka mayar da shi tsaron can ƙarshen fili a 2001 don ya kasa jefa wa tasha ta farko. Koci ya fi ni sanin waɗannan sunaye. Ya sani, ya kuma jera min mutane.

Wanda ya cece ni wani bahagon mai jifa ne, ɗan ajin ƙarshe, mara yawan magana. Wata rana muna ɗumama jiki ya ce min in daina yi masa ladabi, in ɗauka shi ɓarawon tasha ne. Na miƙe tsaye, na taka ƙafar hagu, na riƙe ƙwallon a kan ɗinki, na ƙwala masa a ƙirji da dukkan ƙarfina. Ta isa. Ashe jifa mai ƙarfi ba ta ba ni lokacin tunani, ta sassauci kuwa tana ba ni daƙiƙa guda cur in ji tsoro. Wata shida muka yi haka, hannunsa yana kumbura a cikin safa, bai taɓa ƙorafi ba. Na kuma riƙa zuwa wajen likitan tunani na makaranta a ɓoye, don a ɗakin canza kaya ba a faɗin irin wannan.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Ka kula da gwiwoyinka tun suna lafiya. Kada ka yi gardama da alƙali kana kallonsa, ka yi magana fuskarka na gaba.

Ranar bankwana da 'yan ajin ƙarshe Koci ya riƙe min hannu a gaban Baba ya ce shi dama ya san zan warke, horonsa ne ya gyara ni. Baba ya yi ta godiya, har da ranƙwafawa. Ni ma na ce na gode. Akwai wani yaro ɗan ajin farko da zai gaje ni, makon jiya na ga ya buga ƙwallo a safa sau biyu kafin ya sake. Na ba shi lambar wayata, na kuma ce kada ya bari Koci ya lura.