Shafi huɗu na rubuta, layi shida na kai biro

Wata bakwai na yi ina cewa gobe zan bar aikin nan, gobe zan bar aikin nan, har ƴan fadarmu suka laƙa mini suna "Sai Gobe". Kullum in na dawo da dare na jingine moto aka miƙo mini shayin farko mai ɗacin nan, labarin ke nan, darakta ya yi kaza darakta ya ce kaza, su kuma su yi ta dariya don sun san da safe zan sake shafa mai in koma.

Aikina kula da magaza ne a wani kamfanin kayan gini nan Yamai, siminti da ƙarfe da kwano, shekara huɗu da ƴan watanni. Albashin jikka 95, ba laifi in ka tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne, to amma fa sai wata ya kwana 15 wani lokaci 20 kafin ka ga kuɗinka, mai gidan haya kuwa ba ruwanshi da wannan, ranar 5 ga wata yana bakin ƙofa yana sallama da ƙarfi don maƙwabta su ji. Duk wannan na shanye. Abin da ya sa tura ta kai bango buhu 12 ne na siminti da suka ɓata a lissafi, alhali kowa a wurin ya san ƙanen matar darakta ne ya zo da mota ranar Lahadi ya ɗiba ba tare da takardar fitar da kaya ba, mai gadi ma ya faɗa. Amma darakta ya tsaya tsakiyar fili gaban lebura, yaran da ni ke ba su umarni, ya ce wai wasu mutane albashinsu bai kai su gina gida ba amma ga shi suna gini. Ni da ko fili ban da shi.

Daren nan ban yi barci ba. Watan Afrilu ne, zafin Yamai kun san shi, kuran ya ɗauke tun magariba, na fito da tabarma tsakar gida na yago takardu daga kayen yarona na lakwal, na kunna fitilar salula na kama bik. Wallahi hannuna har ciwo ya yi. Na fara da Faransanci, fushi ya yi yawa Faransancin ya ƙare na koma Hausa, na tono tun ranar da aka hana ni zuwa jana'izar gwaggona a Tawa, na tono ladan awoyin da ba a taɓa biya ba, na sa ƙanen matar da motarshi har da lambarta. Shafi huɗu cif. Da na karanta sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, na ce gobe Litinin ko jibi sai ya san ya taɓa ɗan Adar.

Maman yara ce ta cece ni. Ta ce kafin ka kai, je ka nuna wa Kawu. Kawuna ya yi ritaya, amma kusan duk rayuwarshi a biron ma'aikata na wani kamfani ya yi ta, takardun ɗauka da na sallama sun bi ta hannunshi ba adadi. Na ƙetare gadar Kennedy na same shi Harobanda zaune ƙarƙashin bedi yana jin rediyo. Ya sa tabarau ya karanta tun daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba, wani wuri ma na ga yana murmushi, sannan ya linke takardar huɗu ya zura aljihun jallabiya.

Ya ce, "Ɗana, ka iya rubutu. Amma wannan zambo ne, zambo kuwa ba a kai shi biro."

Na ce, "Kawu, to ai duk gaskiya ce."

Ya ce, "Gaskiya ce, wa ya ce ƙarya ce? Amma takardar nan dosiyenka za ta shiga, ta zauna shekara goma. Kai za ka huce, ita ba ta hucewa. Ka rubuta sunan mutum ka ce ya yi sata, kana da shaida a rubuce? Mai gadin nan gaban hukuma zai maimaita? Gobe su ne za su kai ka ƙara, kai da aka zalunta."

Sai ya tambaye ni abin da ban taɓa damuwa da shi ba, wai kontiragina wane iri ne, CDD ko CDI. Na ce CDI. Ya ce alhamdu lillahi, don mai CDD, wato wanda aka yanka wa wa'adi, ba ya tashi haka kawai ya ce ya tafi kafin lokacin ya cika sai in sun daidaita da mai kamfani ko akwai wani babban dalili, in ba haka ba yana iya samun kanshi ana bin shi diyya. Mai CDI kuwa, wato wanda ba a yanka wa wa'adi ba, yana da damar tafiya duk ranar da ya ga dama, ba dole ne ma ya faɗi dalili ba, abin da ke kanshi shi ne pireyabi, wato ya sanar tun da wuri ya ci gaba da aiki har wa'adin ya cika. Nawa wata ɗaya ne, yana nan rubuce cikin kontiragin da na sa wa hannu ban karanta ba. Da na yi abin da zuciyata ta so, na jefa takarda na kama gabana, da ni za a bi kuɗin watan nan. Duk waɗannan suna cikin dokar aiki ta 2012, Kawu yana da kwafinta duk ta tsufa ta yi ja da ƙura, ya ce yawancinmu sai mun shiga uku muke sanin akwai ta.

Ya kuma gaya mini wadda ba ta yi mini daɗi ba: wanda ya ajiye aiki da kanshi ba shi da kuɗin sallama irin na wanda aka kora. Abin da zan samu albashin kwanakin da na yi ne, da kuɗin konje, wato hutun aiki, da ban ci ba, kwana biyu da rabi kowane wata, sai takardar shaidar aiki. Shi ya sa, in ji shi, wasu masu kamfani ke matsa wa mutum da wulaƙanci har ya gaji ya tafi da ƙafarshi, ya fi musu arha. Nan na yi shiru na ɗan lokaci, don sai na fara ganin maganar simintin nan da wani ido.

Takardar da muka rubuta layi shida ce. Sunana da aikina a sama, Yamai da kwanan wata, zuwa ga darakta. Ina sanar da kai na ajiye aikina na mai kula da magaza wanda nake riƙe da shi tun ranar kaza. Zan cika pireyabina na wata ɗaya, ranar ƙarshe ita ce kaza. Ina roƙon a shirya mini lissafin haƙƙina da takardar shaidar aiki. Sai gaisuwar nan ta Faransanci mai tsawo kamar rawanin sarki, wadda kake ce wa mutumin da ka tsana ya karɓi girmamawarka mafi ɗaukaka. A nan muka ɗan yi gardama, na ce ni ban girmama shi ba, Kawu ya ce shi ma ya sani, kowa ya sani, kamar "lafiya lau" ce da mara lafiya ke amsawa. Af, kuma duk da an ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, takardar biro dai har yanzu da Faransanci muka yi ta.

Na biya ta sibar, shagon kwamfuta, aka buga mini kwafi biyu. Wannan shi ne abin da Kawu ya fi nanatawa, kwafi biyu, ɗaya ka ba su ɗaya sakatariya ta rubuta ranar da ta karɓa ta sa hannu ta buga hatimi ta maido maka, don daga ranar nan ake fara ƙirga wata ɗayan, kuma in babu ita gobe ana iya cewa ba a ga takardarka ba, guduwa ka yi. Sakatariyar ta karanta ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali, "Kai ma?" sannan ta buga.

Darakta bai kira ni ba sai bayan kwana uku. Na shiga da shirin faɗa, shi kuwa sai ga shi da fara'a, wai me ya yi zafi, ai mu ƴan uwa ne, zai ƙara mini jikka 10. Maganar siminti ko tayar da ita bai yi ba. Bakina ya cika da shafi huɗun nan, kowane layi ina tune da shi, amma na ce na gode, na riga na yanke shawara. Watan nan na pireyabi shi ne mafi tsawo a rayuwata, na ƙirga kowane buhu da kowane sandar ƙarfe tare da wanda zai gaje ni muka sa hannu mu biyu, don kar a wayi gari bayan tafiyata a ce wani abu ya ɓata.

Wani abin da Kawu ya sa ni yi, na je CNSS, wato asusun da ake tara wa ma'aikata kuɗin fansho, na nemi a duba mini abin da aka zuba da sunana. Kowane wata ana cire mini kashi 5,25 cikin 100 a takardar albashi, ashe akwai watanni da dama da kamfanin bai kai kuɗin ba. Wannan maganar tana Inspection du Travail yanzu, wato ofishin gwamnati mai duba ƙorafin ma'aikata, kuma da na je abu na farko da suka tambaya kontiragi ne da takardun albashi da kwafin nan mai hatimi.

Baba na kira daga ƙarshe, don shi na fi jin tsoro. Ya ce, "Mi ya hwaru?" na faɗa mishi sama-sama. Ya yi shiru sannan ya ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari, na ce Baba tulun ne ya fashe. Bai yi dariya ba, amma ya sa mini albarka.

Yanzu ina taya wani abokina lissafi a shagonshi na Katako kafin Allah ya kawo wani, kuɗin bai kai na da ba amma ranar da aka ce ranar ake ba ni. Shafi huɗuna kuwa suna wurin Kawu har yau. Na tambaye shi sau biyu, ya ce in dawo bayan babbar salla.