Sati biyu a hedikwatar kamfaninmu a Jamus

Shekaranjiya na dawo, ko jaka ban gama kwancewa ba amma abin yana cina, gara in amayar. Kamfanin da nake wa aiki na injiniyoyi ne mai rassa a ƙasashe da yawa, shekarata shida a reshenmu sai bana aka tuna da ni, aka tura mu kwas mu huɗu can kudancin Jamus.

Tun kafin mu tashi akawu ya riƙe rabin kuɗin guzurinmu wai sai mun kawo rasit. Da muka sauka kuma jami'in shige da fice ya yi ta juya takardar gayyatata, sau biyu yana tambayata wai da gaske ni injiniya ne. Na haɗiye kawai.

Ranar farko ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na ɗago kai daga kwamfuta na ga ofis wayam, wallahi na zata ƙararrawar gobara aka buga ban ji ba. Ashe tashi suka yi. Awa 35 suke yi a sati bisa yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadagonsu ta IG Metall, dokar ƙasa kuma ta hana a wuce awa 10 a rana, kuma dole a bar mutum ya huta awa 11 kafin ya dawo. Sai na tuna ogana da ke kira ta WhatsApp ƙarfe goma na dare yana neman zane kafin asuba, ko sannu babu.

Wani dattijo da ke koya mana gwajin injina shi ya buɗe min ido. Ranar Asabar ya ɗauke ni har gidansa, matarsa ta yi ta hidima da ni sai da na ji kunya, bayan mun ci abinci ya ɗauko takardar albashinsa ya ajiye a gabana, abin da ko aminina ban taɓa nuna wa ba. Kuɗin da yawa in ka gan shi a sama, amma haraji da fansho da inshorar lafiya sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku, ga haya da kuɗin ɗumama gida. Ba albashin ne ya tsaya min a rai ba. In ya kwanta ciwo kamfani zai biya shi cikakken albashi har sati 6, hutunsa kwana 30 ne a shekara alhali kwana 20 doka ta wajabta, kuma shi ɗan majalisar ma'aikata ne, Betriebsrat suke ce mata, wadda in aka kori mutum ba a saurare ta ba to korar ba ta koru ba. Tun 1976 kamfanin da ya haura ma'aikata 2000 rabin kujerun hukumar sa ido na wakilan ma'aikata ne. Mu kuwa tambari ɗaya, hular kwano ɗaya, amma wasiƙa ɗaya ta isa ta raba ka da katin shiga.

Su ma fa suna da nasu kukan. Ya ce manajoji sai su zo su sauya tsari su wuce kafin a ga sakamako, ga 'yan kwangila da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da su kuɗinsu bai kai ba. Sai ya yi dariya ya ce, “Abokina, zanen da sashenmu yake yi da, ku aka kai wa, don kun fi arha.” Na rasa bakin magana, shayin ma sai ya daina shiga.

Ranar Lahadi na fita sayen tsaraba na tarar kantuna duk a rufe, banɗakin tashar jirgin ƙasa kuma sai da na biya Yuro ɗaya, haba! Abin da ya burge ni gorar ruwa, ka mayar da ita a ba ka santi 25.

A taron rufewa wani babba ya yi ta cewa mu iyali ɗaya ne. Na ɗaga hannu na tambayi batun inshorar lafiya a rassa, ya ce kowace ƙasa da kasuwarta, aka tafa aka ɗauki hoto.

Dawowa barci kawai na yi. Ina kunna waya saƙo biyu suka shigo, akawu yana neman rasit, oga yana tambaya ko gobe zan shigo.