Yadda na sake liƙe tankin kifinmu bayan ya fara yoyo

Da asubar wata Asabar, ina shirin fita masallaci, sai na ji na taka lema a falo. Na haska fitilar waya. Ruwa ne siriri yake fitowa daga kusurwar hagu ta tankin kifi, yana bin ƙafar tebur yana ɗiga. A saman bene muke a nan Agege, da mutane a ƙarƙashinmu. Tankin kuwa tsawonsa santimita 90, faɗi 30, tsayi 40, wato yana cin lita 108 idan ya cika maƙil, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Nauyin buhu biyu na shinkafa ke nan a cikin gilashi. Gabana ya faɗi.

Shekara shida tankin nan yana gidan. Autarmu a gabansa ta koyi ƙirga, da kifaye tara da ke ciki. Da ta tashi ta ga tsummokara a ƙasa, abin da ta fara tambaya shi ne, "Baba, za su mutu?"

A ranar na rage ruwan, na sayo silikon, wato gam ɗin nan mai kama da roba da ake liƙe gilashi da shi, a wani shago, na lafta shi a kan tsohon. Kwana huɗu ya yi, yoyon ya dawo.

Sai na nufi Dopemu, inda masu aikin alminiyam da gilashi suke. Wani dattijo mutumin Kano da ya daɗe yana yankan gilashi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, sabon silikon ba ya kama tsoho. Kankarewa za ka yi duka." Ya karɓi ragowar wanda na saya ya juya shi, ya nuna mini inda aka rubuta cewa yana hana fumfuna. Irin na banɗaki da kicin ne, an zuba masa magani, kuma maganin nan yana iya kashe kifi. Allah ya taimake ni ta waje na shafa shi. Wanda ake so shi ne silikon zalla, ɗari bisa ɗari, mai warin ruwan khal idan an matso shi, ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa na tankin kifi ne.

Na kwashe kifayen na zuba a babban baho da ruwansu na da, na rufe da gidan sauro don kada su yi tsalle su faɗo. Soson matatar ruwan ma a cikin bahon na jefa shi. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a jikinsa suna cinye dattin kifi, kuma idan ya bushe sun mutu. Na kuma sa ƙaramin injin iska mai batir, saboda ɗauke wuta.

Kankarewar ita ce aikin. Reza shida na ƙarar. Ana kwantar da rezar a jikin gilashi a tura ta a hankali har zaren silikon ɗin ya ɗago kamar fatar ganda, amma ba a cusa ta tsakanin gilashi da gilashi, domin siririn silikon da ke wurin shi ke riƙe da tankin. Na ciki da ake gani shi ne mai tare ruwa, shi kaɗai ake cirewa, a duk kusurwoyin, ba wadda ke yoyo kawai ba. Bayan na zaci na gama, na ɗaga tankin wajen taga sai ga wani dusu-dusu a jikin gilashin, wanda ido ba ya gani sai haske ya doke shi. Na ɗauki sabuwar reza na sake bi. Sannan na goge da sifirit da ƙyalle mai tsabta, na bar shi ya bushe ƙarau.

Na manna salatef na takarda a gefe biyu na kowace kusurwa, na bar tazarar kamar faɗin ƙaramin yatsa. Daga nan sai sauri, don silikon yana fara yin fata cikin 'yan mintuna. Ina matsawa da bindigarsa ba tsayawa, ina bi da yatsa sau ɗaya ina danna shi cikin lungun, uwargida kuma tana biye da ni tana ɓare salatef tun yana ɗanye. Warin ya sa muka buɗe tagogi duka.

Danshin iska ne ke sa silikon ya ƙanƙame, abin da Legas ba ta rasa ba, balle da damina. A jikin kwalin an ce awa 24. Ni kwana biyar na ba shi, sai da na sa hanci ban ji wari ba.

A kwanakin jiran ne na gano asalin matsalar. Teburin ya ɗan karkata hagu, shekara da shekaru nauyi yana danne kusurwa ɗaya. Kafinta ya daidaita ƙafafun, na kuma shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij a ƙarƙashin tankin.

Gwaji a tsakar gida na yi shi, a kan tsofaffin jaridu. Mai ruwa ya turo kura ya juye jarka huɗu masu lita 25. Kwana biyu ina sauka ina taɓa jaridar, ba ko ɗigo.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka mayar da kifayen cikin tankin, ina haɗa ruwan bahon da sabon kaɗan-kaɗan don kada canjin ya buge su. Auta ta tsaya a kan kujera tana ƙirgawa da yatsa a jikin gilashi, ta kai tara, ta sake farowa daga ɗaya. Har yau in zan fita sallar asuba sai na shafa wannan kusurwa ta hagu kafin in buɗe ƙofa.