Darussan da sukuru mai cinyayyen kai ke koya wa bakanike

Murɗa ɗaya ce ke kashe sukuru. Bakin sukudireba ya zame, a ji ƙas, a leƙa a ga giciyen da ke kansa ya koma rami mai sheƙi, ɗan garin ƙarfe na manne a gefe. Daga nan aikin minti biyar, kamar wanke kafireta ko buɗe murfin kuloci, ya zama aikin wuni, ɗan acaɓa na zaune a benci yana lissafin fasinjan da ke wuce shi. Yawancin sukuran da ake cewa sun ƙi fita, hannun da ya fara taɓa su ne ya lalata su tun kafin tsatsa ta yi nata aikin.

Abin da ake kira "sita" a shago ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Phillips, ƙirar Amurka, wanda fukafukansa a karkace suke, shi ya sa da ƙarfi ya yi yawa sai bakin ya hawo sama ya fice daga ramin. Kamfanonin Japan kuwa, Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, da masu ƙera kafireta irin Keihin da Mikuni, sun daɗe suna aiki da nasu ma'aunin da ake kira JIS. A ido giciyen kamar ɗaya ne, amma kusurwoyin na JIS a tsaye suke, kuma sau da yawa akwai ɗan ɗigo guda a gefen giciyen. Idan aka sa sukudireban Phillips a irin wannan sukuru, tsininsa kan taɓa ƙasan ramin kafin fukafukan su zauna, sai ya zama gefen sama kawai yake kamawa, nan ne kuma ƙarfen ya fi saurin cinyewa. Sukudireban JIS, irin na kamfanin Vessel, yana kama iri biyun duka. Wanda bai samu ba, ya goge tsinin nasa da magagari kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya, zai ga ya zauna daram.

Girma ma yana da nasa ruɗin. Sukuru mai kaurin milimita 4 ko 5 sukudireba lamba 2 yake so, na milimita 6 da ke zagaye da murfin injin kuwa lamba 3. Lamba 2 na shiga kan na milimita 6, har ya yi kamar ya kama, kuma shi ne ya fi kowane abu cinye sukuran murfi. Gwajin ba wuya: a sa bakin a ramin a girgiza shi. In yana rawa, ba nasa ba ne. Kafin ma a gwada, a ƙwaƙule ramin da tsinke ko guntun waya, don ƙura da laka da baƙin mai kan daskare a ciki su hana bakin nitsewa. Sannan dannawa ta fi murɗawa yawa: nauyin jiki a bayan mariƙin, sukudireba a miƙe da sukurun, a ɗan ƙwanƙwasa bayansa da hamma sau biyu ko uku. Wani lokaci ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan kafin a kwance shi ke karya riƙon. In ya zame sau ɗaya, a tsaya. Zamewa ta biyu da ta uku su ke cinye abin da ya rage.

Dalilin maƙalewar yana da amfani a san shi, don shi ke nuna magani. Sukurun ƙarfe ne, jikin injin alminiyam ne. Idan ruwa ya shiga tsakaninsu, ruwan damina ko na wurin wankin babur da sabulunsa, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa, ya fitar da wani farin gari da ke cika tsakanin tiredi, wato murɗin jikin sukuru da na raminsa, ya riƙe kamar siminti. Man sassauta tsatsa irin WD-40, ko kananzir, yana taimakawa idan zai iya isa wurin, kuma sai an ba shi lokaci, ba a fesa a murɗa nan take ba. Amma a dogon sukurun murfi, tiredin na can ciki nesa, kan sukurun kuma ya toshe hanya, don haka fesa mai a kansa yawanci kwantar da hankalin bakanike kawai yake yi. A irin wannan wuri bugu da zafi sun fi mai aiki.

Na bugun shi ne sukudireban da ake dukan bayansa da hamma, wanda a ciki yake mayar da dukan ya zama murɗawa, a lokaci guda yana danna bakin cikin ramin. A ganina shagon gyaran babur da ba shi da wannan kayan aikinsa bai cika ba. Sai dai yana da hannu biyu, na ɗaurewa da na kwancewa, kuma da yawa sun tsinke sukuru saboda ba su duba ba. A fara gwada shi a kan katako a ga inda yake juyawa. A danna, a murɗa shi da hannu wajen hagu har ya tsaya, sannan a ba shi duka ɗaya mai nauyi. Ƙananan duka goma ba sa yin abin da ɗaya mai kyau zai yi. A murfin injin da sukuran da ke riƙe da kwayil a bayan maganeto, da ukun nan na murfin matatar mai a injin CG125 da ire-irensa, yana aiki sosai. A kafireta kuwa kada a kusance shi: jikinta mai taushi ne, kunnen da sukurun ke ciki sai ya ɓalle.

Zafi kuma dabararsa ita ce alminiyam na buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya yi zafi, don haka ramin ke saki. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tayar da injin ya yi zafi sosai kafin a fara. In za a sa wuta, jikin da ke kewaye da sukurun ake gasawa, har ɗigon ruwa ya yi cuu a kai, ba sai an wuce haka ba. A cire tanki, a nisanta da tiyon fetur, a kula da robobin da ke tare mai. Sukuran da aka ɗaure da gam na tiredi, kamar na faifan birki, su ne akasin haka: sukurun kansa ake gasawa, gam mai launin ja kuma ba ya saki sai wajen digiri 250 a ma'aunin Celsius.

To, kan ya riga ya cinye. Abin da ya kamata ya zauna a kai daga nan shi ne sukurun ya riga ya zama asara, kuɗinsa kaɗan ne. Ramin da yake ciki ake ceto, domin shi a jikin kesin injin yake. Saboda haka ake farawa da dabarar da ba ta taɓa alminiyam ko kaɗan. Ɗan man wasa bawul a bakin sukudireba, yashin da ke cikinsa na ƙara kamu. Ko a daddoki kan sukurun da fanci mai faɗin baki, ƙarfen da ya baje ya komo cikin ramin, sannan a buga bakin sukudireba ciki ya yanka wa kansa sabon giciye. Idan kan a waje yake, kamar na kwanon kafireta, filaya mai kullewa ta kama shi ta gefe ta gama magana. Idan akwai fili, a tsaga kan da zarto a sa sukudireba filat mai faɗin da ya cika tsagar. Sai kurfi: a fara sara a tsaye kusa da bakin kan don a samu wurin kamawa, sannan a kwantar da kurfin a riƙa bugawa a hankali wajen kwancewa. Yana aiki, amma zamewa ɗaya na iya sassabe fuskar da gasket ke zama, mai ya riƙa tsiyaya har abada.

Dabarar da aka fi jin tsoro, kuma wadda sau da yawa ta fi duka tsabta, ita ce a huda kan a cire shi gaba ɗaya. Mafi yawan ƙarfin da ke riƙe sukuru daga jan da ke tsakanin kansa da tiredinsa yake zuwa. Da kan ya fita, jan ya tafi. Ga na milimita 6, a fara da bakin diril na milimita 3, giciyen da ya cinye shi zai tsayar da bakin a tsakiya. Sannan a sa na milimita 6, a tafi a hankali, ana ɗiga mai, zurfin kan kawai, kamar milimita 4. Za a ji ya yi sauƙi farat ɗaya, kan ya hau bakin diril kamar zobe. A tsaya nan. A kwance sauran sukuran, a zare murfin, sai ga guntun sukurun tsaye a waje, tsawon kaurin murfin. Filaya ke fitar da shi, wani lokaci ma yatsu. Abin kula shi ne garin ƙarfe: a shafa giris a bakin diril ya riƙe shi, a toshe kowace kafa da tsumma, a tuna maganeto maganaɗisu ne, duk abin da ya zuba shi zai kwashe. Haka ake yi wa ƙananan sukuran nan biyu na murfin man birki, masu kai a nitse da filaya ba ta iya kamawa, da baki na milimita 4, ba tare da an bar gari ya faɗa cikin man ba.

Wanda ya karye daidai da fuskar kesin shi ne mai wahala. Ƙarfe ya fi alminiyam tauri, don haka bakin diril kullum neman gocewa yake zuwa gefe mai taushi, kuma da ya goce, garin neman gira an rasa ido. A goge saman guntun ya kwanta, a buga fanci a tsakiya sosai, a duba, in ya kauce a karkata fancin a gyara kafin a kunna diril. Akwai bakin diril mai yanka ta hagu, wanda yayin da yake huda yake kuma kwancewa, sau da yawa guntun kan biyo shi tun ba a gama ba. Ƙarfen nan mai murɗi da ake bugawa cikin hudar don a zaro guntu kuwa, ban cika yarda da shi ba a sukurun da ruɓa ta riƙe. Yana buɗa guntun ya ƙara matse shi a ramin, ga shi da tauri kamar gilashi, kuma in ya karye a ciki, diril na yau da kullum ba ya cin sa. Amfaninsa a guntun da ya karye wajen ɗaurewa ne, wanda dama ba a maƙale yake ba.

Mai walda ya fi shi. A ɗora washa a kan guntun a like ta tsakiya, a ɗora noti a kan washar a cika cikinsa. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, zafinta kuma na farfasa farin garin nan. A cire kan batir da CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, tukuna, a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin don kada wuta ta ratsa ta cikin boris. A bari ya huce, sannan a riƙa motsa notin gaba da baya da sifana, kaɗan-kaɗan. In ya ɓalle a sake, na biyu ko na uku yakan zo da guntun.

Idan dole sai an huda guntun duka, ma'aunin shi ne milimita 4.2 ga sukuru na 5, milimita 5 ga na 6, milimita 6.8 ga na 8. Hudar da ta tafi daidai takan bar siririn zaren ƙarfe a cikin tiredi, a zaro shi da tsinke, a bi da ƙarfen yanka tiredi don sharewa. Tiredin da ya mutu gaba ɗaya ana sa masa zoben waya irin na Helicoil: ga na milimita 6 a huda da 6.3, a yanka da ƙarfen da ya zo cikin kwalinsa, a murɗa zoben ya ɗan nitse ƙasa da fuska. Wannan gyara ya fi tiredin asali ƙarko. Tura sukurun da ya fi ramin girma da ƙarfin tsiya, ko nannaɗa masa leda, tsaga kesin yake yi ko ya saki a hanya.

Wajen mayarwa, sukurun da kansa ya taɓa zamewa ba ya komawa, ko da ya fito lafiya. A musanya shi da mai kan alanki ko mai kan sifana 8, a shafa ɗan giris a tiredin. Sukuran murfi tsawonsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa tun wajen kwancewa ake zana siffar murfin a kwali a soka kowanne a gurbinsa. Dogo a gajeren rami yakan tokari ƙasa ya fasa, gajere a dogon rami kuma tiredi biyu ko uku kawai yake kamawa ya tsige su. A busar da man da ya taru a ramin da ba ya ɓullewa, don mai ba ya matsuwa, kesin ne zai tsage. Na milimita 6 bai wuce Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗaurewa yake buƙata ba, wato abin da guntuwar sifana ke bayarwa in an riƙe ta kusa da kai da yatsu uku, ana bin sukuran a giciye, zagaye biyu.