Man Fitar da Gashi: Abin da Aikin Kemis Ya Koya Mini

A aikin kemis na koyi auna tallar man gashi da lokaci. Gashin kai kusan santimita ɗaya yake ƙarawa a wata, don haka kwalbar da ta yi alƙawarin rufe sanƙo cikin sati biyu ba sai an buɗe murfinta ba.

Cikin na shafawa, minoxidil ne ke da hujja mai ƙarfi. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shanta gashi na tsiro musu, sai a 1988 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na shafawa. Shi ɗin ma sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga wani abu, ba kowa yake yi wa ba, kuma in aka daina, gashin da ya fito ya zube. Mai gaskiya zai faɗa maka wannan. Ɗan talla kuwa hotuna biyu zai nuna maka, na farko an jiƙa kan an haska shi da fitila, na biyu gashin a bushe an taje shi ya rufe wurin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne talla ba ta tambayar dalilin zubar. Mai jego kan ga gashinta na zuba bayan wata biyu ko uku da haihuwa, kuma da kansa yake dawowa. In ta shafa man hulba a tsakani, man ne zai sha yabo, ta kuma kawo ƙawayenta su saya. Wadda kitso mai ɗauri ya cinye wa gaban goshi, a sassauta kitson tukuna. Yaro mai makero maganin sha yake buƙata daga likita. Sanƙon gado kuwa na DHT ne, wani sinadari da jiki ke yi daga sinadarin maza, man kaɗanya zai tausasa fata, iyakarsa ke nan.

Masu saye kan ce, "Ai akwai lambar NAFDAC." Sai in juya kwalbar in ce, "Hajiya, duba nan ƙasa." A kan yawancin magungunan gargajiya masu lambar, an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wasu su ajiye, wasu su ce a ba su biyu.