Godiya bayan rasuwar Ummanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An tashi daga zaman makoki, baƙin nesa sun fara komawa, sai yau na samu na zauna na riƙe waya. A madadin Abbanmu da ƙannena da duk iyalan gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, ina miƙa godiya ga kowa. Jikina bai gama dawowa ba, saƙonni da yawa ban buɗe ba, wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini uzuri. Kun san yadda jinyar ta kasance tun daga azumi, kun san daren da aka yi ta neman jini, kun kuma ji abin da ya so ya faru da safiyar jana'iza. Ba zan maimaita duka ba, Allah ya riga ya kawo mana sauƙi.

Na san al'ada ita ce a yi godiya a dunƙule don kada wani ya ga an bar shi. Ku yi haƙuri, akwai waɗanda bakina ba zai iya yin shiru a kansu ba. Ta farko ita ce Mama Babba, yayar Umma uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta Facebook, amma jikarta za ta karanta mata.

Duk wanda ya san Umma ya san daga wajen Zonkwa ta fito, cikin Bajju, kuma ita kaɗai ce ta musulunta a ɗakinsu, tun tana budurwa. Mama Babba tana nan a addininta na Kirista, babba ce ma a Zumuntar Mata ta cocinsu. Da ta ji jikin Umma ya yi tsanani ta hau mota ta zo, da ciwon ƙafarta, ta shimfiɗa zani a gefen gado, ta ce ba inda za ta. A daren ƙarshe mu biyu ne a kanta. Wajen ƙarfe uku numfashin Umma ya sauya, idonta ya kafe a sama. Ni da na yi shekaru ina karanta babin jana'iza, wallahi harshena ya ƙi motsi, na riƙe ƙarfen gado kawai ina rawa. Sai na ji Mama Babba ta damƙi kafaɗata ta girgiza ni, ta ce, "Ke, ki faɗa mata kalmarku mana! Ta roƙe ni kada a bar ta ta tafi babu kalmar." Ta fita da sauri ta tambayi wata mai shara ina ne gabas ɗinku, ta dawo ta tallafi kan ƙanwarta ta juya ta kan ɓarinta na dama. A kan cinyarta Umma take lokacin da na sunkuya ina cewa La ilaha illallah, har na ga leɓenta ya motsa ta amsa. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu mu laƙƙana wa wanda yake gargara wannan kalma, kuma wadda ta tuna mini da umarnin a daren ita ce matar da ba ta taɓa kallon alƙibla ba.

Da gari ya waye, kawunnanmu suka iso da mota suna cewa a gida za a binne ta kusa da iyayenta. Ban ga laifinsu ba, 'yar'uwarsu ce, kuma a wajensu ana ajiye gawa sai dangi sun taru. Amma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga matasan unguwa sun fara taruwa a ƙofar gida, kuma duk ɗan jihar Kaduna ya san yadda ƙaramar magana take zama babba. Mama Babba ce ta fita zaure, ta yi musu magana da yarensu. Abin da na tsinta shi ne ta ce ita ce babba, ita ta goya ta, kuma yadda ta rayu haka za a sa ta a ƙasa. Suka yi shiru. Kawu ƙarami ya share hawaye ya tambayi Abba ko za su iya bin gawa. Suka tsaya gefe aka yi salla, suka bi har maƙabarta, kafin azahar an rufe ta.

Mama Babba, wannan abu ba daga sama ya faɗo ba, kin fi ni sani. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992 an hana Umma zuwa gida, an ce da hijabi ba za ta kai ba, amma hanya na buɗewa ta tafi duba Kaka. Haka ta yi bayan rikicin da ya faru a Zonkwa a 2011. Ita ta yi jinyar Kaka har ta rasu, kuma Kaka ba ta musulunta ba. In an yi mata magana sai ta kawo labarin Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirka, ta tambayi Annabi (SAW) ya ce ta sadar da zumuncin mahaifiyarta. Sai ta haɗa da ayar Suratu Luƙman da ta ce a zauna da iyaye da kyautatawa a duniya ko da ba a bi su a addini ba. Umma ta san babu gado tsakaninku, shi ya sa ta bar miki wasiyyar keken ɗinkinta, kuma bai kai sulusi ba, Abba ya ce za a kai miki har gida. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ƙafa, ya raya miki zuriya. Addu'ar da Umma take yi miki kullum bayan asuba, wadda kika sani, mun ɗauka daga inda ta tsaya.

Sai matan Islamiyya. Lokacin da Umma ta shigo gidan nan ko Fatiha ba ta gama gyarawa ba, ga kulle, ga ba dangi kusa. Da izinin Abba ta shiga ajin matan aure na dare, ta yi Ahalari da Ishmawi har ta kai Risala, daga baya ita ce ke koyar da babin tsarki. Matan da aka haifa cikin Musulunci su ne ke zuwa ɗakinta a ɓoye su tambayi hukuncin haila da biƙi da wankan janaba, abin da suke jin nauyin tambayar malami namiji. Takan ce aikin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta ɗora wa 'yan taru ne, wato matan da ta tsara don koyar da mata addini, bai ƙare ba. Tana kuma son ambaton Hajiya Aisha Lemu, Baturiyar Ingila da ta musulunta a 1961, ta zama Amira ta farko da aka kafa FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, a Minna a 1985. In sabuwar musulunta ta zo tana kuka cewa ana raina ta, da sunan wannan baiwar Allah take rarrashinta.

Malamarmu ta ajin manya, na san ba kya son a ambace ki, amma dole. Ke kika jagoranci wankan, kika ce ita ta koya miki da naɗaɗɗiyar tabarma a tsakar aji, yau ga shi ke za ki yi mata. Kuka yi shi yadda ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya na wankan 'yar Manzon Allah: kuka fara da dama da gaɓoɓin alwala, da ruwan magarya, kafur a na ƙarshe, kuka raba gashinta gida uku. Likkafanin ma nata ne, ta saye shi da kuɗin adashi ta ajiye a ƙasan akwati. Kuma ba zan manta ba da kika dakata kafin ki rufe fuskar, kika leƙo kika ce a kira yayarta ta yi mata kallon ƙarshe, ita da ta zauna a bakin murhu tana ɗumama muku ruwa. Allah ya suturta ki duniya da lahira.

Amirar unguwarmu da matan da suka riƙe tukwane har aka tashi, ko cokali ban ɗaga ba. Ɗaliban Umma sababbin musulunta da suka zo daga ƙauyuka, wasu da goyo, suna cewa uwarsu ce ta tafi. Samarin da suka ba da jini, har da biyu daga cocin Mama Babba da ban san sunansu ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta ja mana labule ta kuma tsaya tana karanta Yasin a hankali. Liman da dattawan da suka sallami matasa daga ƙofar gida da kalma mai taushi. Mai koko ta bakin layi da ta riƙa aiko da kofi kowace safiya ta ƙi karɓar ko sisi. Gwaggonmu ta Funtuwa, wadda ita kaɗai daga ɓangaren Abba ta kwana da mu a asibiti. Allah ya biya ku da Aljanna.

Akwai kuma waɗanda muka zuba ido ba mu gani ba, ga su gari ɗaya da mu, jini ɗaya da Abba. Wataƙila uzuri ne. Sai dai zuciya ba ta manta wanda ya ce a binciki asalin uwa lokacin da aka zo neman aurena, ko wanda har tsufanta bai daina kiranta tubabbiya ba. An taɓa goranta wa Uwar Muminai Safiyya cewa 'yar Bayahude ce, Annabi (SAW) da kansa ya share mata hawaye. Umma ta yafe tun tana raye, ta kuma hana mu ramawa, don haka na bar shi nan.

Ya Allah, baiwarka ta bar abin da ta tashi a kai ta zo gare ka ita kaɗai, kada ka bar ta ita kaɗai a kabarinta. Ka tabbatar da ita wajen tambaya, ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi. Ka sa kowane harafi da ta koyar ya zama sadaka mai gudana. Ka haɗa ta da Nana Khadija da Nana Faɗima a Firdausi. Ka ba Abbanmu haƙurin rashin abokiyar zamansa, ka jiƙan iyayen duk wanda ya taya mu, ka ba marasa lafiyarku lafiya, ka zaunar da jiharmu lafiya. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Duk wanda yake bin Umma bashi, komai ƙanƙantarsa, don Allah ya zo ya same ni ko Abba kafin a raba gado, kada ya ji nauyi. Littafin adashin mata yana hannuna, wadda kwasarta ta zo za ta karɓa a kan lokaci. Ajin tsarki na ranar Asabar zai ci gaba a ɗakinta, Malama ta ce za ta riƙe shi. Wanda kuma Umma ta saɓa wa, muna roƙonsa ya yafe mata.