Ni da littafin ma'aji

A Ƙofar Marusa aka haife ni, inda maƙwabcinka ko dai ɗan uwanka ne ko abokin kakanka. In lambatu ya toshe ba sai an kira taro ba, mai unguwa ya ɗaga murya sau ɗaya, samari sun fito da shebur. Da na koma rukunin gidaje a bayan garin Katsina sai na tarar da wata rayuwa daban. Kowa da katangarsa da get ɗinsa. Shekara biyu na yi ban san sunan wanda muke haɗa katanga da shi ba, sai dai "Alhaji, an tashi lafiya?" ta gilashin mota.

Ruwa ne ya haɗa mu. Na famfo da ake turowa daga madatsar ruwa ta Ajiwa ba kullum yake kaiwa wajenmu ba, rijiyar burtsatse guda ta bakin masallaci ita ce gatanmu, ita kuma da janareta take aiki. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Bawan Allahn da ya daɗe yana sayen man shi kaɗai, ba tare da ya taɓa faɗa wa kowa ba, ya ce wa liman ya gaza. Sai a ranar yawancinmu muka san wani ne yake shayar da mu. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa ƙungiya. Ni tsohon malamin lissafi ne, don haka kafin in buɗe baki an ɗora mini ma'aji. Aka yanke naira dubu biyu kowane gida a wata, da niyyar tara kuɗin sola.

To, karɓar kuɗin nan ita ce aikin. Mai haya ya ce a tambayi mai gida, mai gida yana Abuja. Wani ya ce shi da rijiyarsa a cikin gida, alhali 'ya'yansa ne sahun gaba da jarka in nasa injin ya lalace. Wani dattijo kuwa ya dube ni ya ce, "Malam, mun sha ganin ƙungiya. Ina kuɗin waccan suka shiga?" Na ji haushi, amma da gaskiyarsa.

Uwargidana ce ta fitar da ni. Ta ce su a adashi ba a ɓoye wa kowa wanda ya zuba da wanda ya kwasa. Ƙarshen wata na rubuta komai a falle ɗaya, har naira ɗari uku ta gam ɗin bututu, na liƙa a bangon masallaci. Sunayen waɗanda suka biya kawai na sa. Wanda bai ga nasa ba, shi ya san dalili. Washegari da asuba dattijon nan ya tsaya gaban takardar, ya gyara tabarau, yana bin layi da yatsa. Da hantsi jikarsa ta kawo kuɗin wata uku ƙulle a leda.

Sola ta hau. Daga baya muka gyara fitilun titi, muka ɗauki 'yan sintiri biyu. Matan rukunin ne suka matsa sai da aka keɓe wajen zubar da shara, kuma su suka fi mu biya a kan kari, ko da mazan ba sa son in faɗa.

Gida bakwai har yau ba su taɓa ba da ko sisi ba, kuma ba mu hana su ruwa ba. An yi gardamar haka sau biyu, liman ya ce ba a gabansa za a kulle wa yaro famfo ba. Asabar mai zuwa akwai gayyar yashe lambatu kafin damina ta kankama. Baro ɗaya gare mu, tayarsa kuma a fashe take, sai in shiga gari gobe in nemo wata.